Wata 11 ina jiran inji: yadda muka ƙare da garejin da ya haɗa min 428 Cobra Jet

Ranar da na kai kayan injin motar tserena, Ford 428 Cobra Jet, garejin wani dattijo mai haɗa inji, ko sannu da zuwa ta kirki bai min ba, tof silinda, wato kan inji da ke rufe saman silinda, ɗaya kawai ya ɗauko daga bayan a-kori-kurata ya ɗora kan tebur, ya zura ɗan yatsa cikin ramin da iska ke shiga ya murza sau biyu, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau ya ce "wa ya sayar maka da wannan?" Na ce a intanet na saya, kuma mai shi har rantsuwa ya min ba a taɓa su ba. Ya ce to ko dai ƙarya ya maka ko shi ma an cuce shi, sa hannunka ka ji. Na zura yatsa na ji ciki sumul kamar bayan cokali. Ni a raina ma murna nake, na ce ai wannan alheri ne, iska za ta wuce ba tangarɗa. Ashe a irin tseren da nake son shiga wannan sumul ɗin shi ne babban laifi, wani ya taɓa bin ramin da injin gurza ya faɗaɗa shi, kuma ranar da alƙalai suka kwance injin suka ga haka shi ke nan an kore ka har da kunya. Kuɗin tof silinda biyu sun bi ruwa tun kafin mu yi maganar farashin aiki.

Ba zan faɗi sunan garejin ba, don akwai inda zan yaba akwai inda zan yi ƙorafi, mutumin kuma ya haife ni a shekaru. Abin da zan ce kawai wani ɗan ƙauye ne a jihar Indiana, gonakin masara gaba da baya, tafiyar wajen awa uku daga Columbus ta Ohio inda nake zaune. Gini ne na kwano ko allo babu a ƙofa, shi da ɗansa da wani tsohon kare da ba ya ko haushi. Ni aikina gyaran manyan motocin dizal ne, kanikanci kuma tun ina yaro na koya a Kaduna a kan Fijo 504, don haka da ƙafafuna na shiga wurin ina ganin ai inji inji ne, ba abin da za a nuna min. Hmm.

Ga wanda bai san harkar ba, tseren nan ba zagaye ake ba, miƙaƙƙen titi ne ƙafa 1,320, rubu'in mil kenan, wajen mita 402, mota biyu gefe da gefe, fitila ta ba da kore ku taka. Hukumar da ke kula da shi NHRA ce, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, har kofin da suke ba wanda ya ci ma sunansa ake kiransa da shi, Wally. A cikin rukunonin da suke da su akwai wanda ake ce wa Stock Eliminator, shi ne nawa, kuma shi ne rukunin masu taurin kai. Dokarsa a taƙaice ita ce motar ta zauna kusan yadda kamfani ya ƙera ta. Kafireta irin wadda ta zo da injin, manifol, wato hanyar da ke raba iska da mai zuwa silinda, irin nasa ba a taɓa cikinsa ba, tof silinda mai lambar da aka amince da ita ba gurza ba faɗaɗawa, bawul girman asali, kamshaf kuma ba zai ɗaga bawul ya wuce awon da aka rubuta wa injin ba, tayar baya faɗinta kar ya wuce inci 9. Sai su ɗauki nauyin motar su raba da ƙarfin dokin da su suka yanke wa injin, abin da ya fita shi ne ajinka. Tawa tana C/SA, wato fam 9 ga kowane doki, A ɗin ƙarshe kuma na nufin otomatik ce, sannan a ƙara fam 170 na direba a kan lissafin. Kana gama gudu sikeli za ka hau, sannan su ɗebi manka su gwada.

To idan an hana ka komai me ya rage? Wannan tambayar ita ce sana'ar dattijon nan gaba ɗaya, kuma ita ce abin da na biya kuɗi a kai.

Motar Mustang ce 1969, na saye ta a hannun wani da ya tsufa ya daina tsere, injin a kwance cikin akwatunan katako da bokitai. 428 Cobra Jet, lita 7, ɗan gidan FE na Ford da suka fara tun 1958. Faɗin silinda inci 4.13, tafiyar fistin inci 3.98, matsi 10.6, kafireta Holley mai awon zuƙar iska 735. Asalinsa ma daga wani dillalin Ford ne a Rhode Island, Bob Tasca, da ya gaji da yadda Mustang mai inji 390 ke shan kashi a titi, yaransa suka ɗora tof silinda irin na 427 a kan bulok ɗin 428, Ford suka gani suka ɗauka. Farkon fitowarsa a gasar Winternationals ta 1968 a Pomona, direba Al Joniec ya cinye rukunin Super Stock da shi. A takarda Ford sun rubuta doki 335, wanda duk mai hankali ya san sun rage ne, NHRA ma ba su yarda ba, tuni suka ɗaga lambar sama. Bayan 1970 aka daina sa shi a Mustang, daga nan kuma dokar hayaƙi da tsadar inshora da matsalar mai ta 1973 suka rufe babin irin waɗannan motoci baki ɗaya. Shi ya sa kayansa suke wuya kamar haƙorin kaza, ba kamar na Chevy ba da ko ina ka juya ga su. Tof silinda na asali lambarsa C8OE-6090-N, ni dai na haddace ta kamar lambar wayata saboda wahalar da na sha kafin na sake samun guda biyu da ba a lalata ba. A nan dole in yaba masa, shi ya buga waya biyu ya samo min su a wajen wani abokinsa, bai ɗora ko sisi a kai ba.

Abu na farko da ya yi wa bulok ɗin bayan wanki shi ne gwajin tsagewa, ya manna masa maganaɗisu ya barbaɗa garin ƙarfe, duk inda akwai tsaga garin zai yi layi a wurin. Babu, alhamdu lillahi. Sai ya ɗauko wata 'yar na'ura mai auna kaurin ƙarfe da sauti ya bi silinda takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, sama da tsakiya da ƙasa, gefe huɗu, yana rubutawa da fensir a bayan wani kwali. Ni ina tsaye ina ta hamma. Ya ce 428 bangon silindarsa ba kauri, kuma lokacin da ake zuba narkakken ƙarfen a masana'anta wani sa'in ƙwaryar takan goce, sai gefe ɗaya ya yi kauri ɗaya ya yi siriri, idan ka yi borin da ka kawai to ranar da ya fashe ruwa zai haɗu da baƙin mai. Ni na so a buɗe shi har iyakar da doka ta yarda don in samu ɗan ƙarin girma, ya ce a'a, inci 0.030 zai cire ya tsaya, bango mai kauri da ke riƙe ringi daidai ya fi ɗan ƙarin faɗin da nake kwaɗayi. Na ɗan yi gardama, ya miƙo min kwalin ya ce karanta silinda ta shida. Na karanta na yi shiru.

Wurin gogar cikin silinda ma ba haka kawai yake yi ba, sai ya ɗaura wani faranti mai kaurin gaske a saman bulok ɗin da bol iri ɗaya da gasket iri ɗaya da ɗauri iri ɗaya da wanda tof silinda zai samu, saboda ɗaurin bol yana ɗan murɗa ramin, idan ka goge shi a sake to da ka ɗaura kai ya daina zama da'ira. Wallahi shekara nawa ina obahol ban taɓa kawo wannan a raina ba, mu dai a kai wa mai borin ya buɗe, a sa fistin da ringi, in bai sha mai ba an gode Allah. Shi kuwa ringin ma marasa matsewa sosai yake sa wa, metal ɗin karanshaf ya ba su ɗan sarari, mai kuma mai ruwa-ruwa, duk don a rage gogayya. Ya ce a wannan rukuni ba ka da inda za ka ƙaro doki hamsin a dunƙule, sai dai ka tsinto biyu nan, uku can, ɗaya a ƙarƙashin tabarma.

Amma ranar da na fi jin daɗin kuɗina ita ce ranar awon ɗakin ƙonewa. Na je ba sanarwa don na gaji da jiran waya, na same shi ya kifa tof silinda ɗin a tebur, bawul a ciki fulogi a ciki, ya shafa man giris siriri a gefen ramin ya manna wani farantin roba mai kama da gilashi da ɗan huji a gefe, sama kuma ga dogon bututun gilashi mai layin awo cike da ruwa mai launin kore. Ya buɗe ɗan famfon, ruwan na ɗiga yana cika ramin, kumfar iska ɗaya ta maƙale a kusurwa sai ya ɗan karkata kan da yatsa biyu har ta gangaro ta fita ta hujin, ya rufe ya duƙa ya karanta layin ido da ido. Sau takwas, wasu ya maimaita. NHRA suna da takardar awon kowane inji, an rubuta mafi ƙanƙantar si-si, wato awon girman ciki, da ɗakin zai iya zama, in ka gaza shi ko da ɗigo ne ka faɗi, in kuma ka bar shi da yawa ka yi asarar matsi. Shi sai ya kai kowane ɗaki dab da layin ya bar ɗan kaɗan saboda, in ji shi, bututun alƙali ba lallai ya yi daidai da nasa ba kuma ba ya son sunansa ya fito a bakin mutane. Na tambaye shi ko an taɓa kama injinsa, ya ce an sha kwance su a Indianapolis dai, ya ci gaba da aikinsa. Can ne ake babbar gasar NHRA ta U.S. Nationals duk shekara a ƙarshen makon hutun ma'aikata na farkon Satumba, kuma can ne aka fi tsananta kwance injin waɗanda suka yi gudu da yawa.

La'asar ta same ni a wurin ranar, na ce masa zan ɗan yi sallah, ban gama rufe baki ba ya buɗe min ɗakin da yake haɗa inji, wanda ko ɗansa ba ya shiga da takalmin waje, ya ce nan ya fi ko ina tsabta, ya kori karen ya ja ƙofa. Wannan ba ya cikin aikin inji amma ban manta ba.

Kamshaf kuwa nan ne sirrin yake. Tunda an ƙayyade iya ɗagawa amma ba a ƙayyade tsawon lokacin da bawul zai zauna a buɗe ba, sai su sa a yanka kam mai kafaɗa kusan murabba'i, ya fizge bawul ya buɗe da sauri ya riƙe shi a sama ya sake shi da sauri, wannan kuma sai da sifirin mai ƙarfi da tafet, wato ƙarfen da ke hawa kan kam ɗin, mai jure duka, in ba haka ba a babban gudu bawul ya fara shawagi. Abin da ya sa za ka ji motar da ake ce wa "ta kamfani" tana silo kamar ana dakan sakwara. Na ce ya ba ni takardar awon kam ɗin, ya ce iya ɗagawar kawai zai rubuta min don ita alƙali zai tambaya, sauran nasa ne. Gaskiya abin ya min ciwo, kuɗina ne fa, injina ne. Ɗan nasa ya ja ni gefe ya ce kar in damu, shi ma da ya haifa sai da ya shekara goma a garejin kafin ya ga littafin. Har yau ina ganin wannan ba daidai ba ne, in Allah ya yi wa tsohon nan rasuwa ko kam ɗin ya cinye ina zan nufa? Amma haka yawancinsu suke, duk wanda na yi wa ƙorafi a filin tsere dariya yake min.

Yanzu bari in zo kan inda ya ɓata min rai da gaske, lokaci. Wata huɗu ya ce min. Na kai kaya a ƙarshen kaka da lissafin kafin dusar ƙanƙara ta narke inji ya dawo in ɗaura in fara gwaji da buɗewar fili, sai ga shi bazara ta zo ta wuce ina kallon motar a kan jak ba zuciya a cikinta. Wata 11 cif. Wani ɓangaren ba laifinsa ba ne, fistin sai daga jerin waɗanda NHRA ta amince da su kuma sai an yi oda an jira, na yarda. Amma wani ɓangaren kuwa tsabar son kai ne, da lokacin tsere ya kama duk tsofaffin kwastomominsa da suka fasa inji ranar Lahadi su ne a gaba ranar Litinin, ni sabon zuwa sai a tura ni bayan layi, kuma ba zai gaya maka haka ba sai dai ka je ka ga bulok ɗinka a lulluɓe da leda a inda ka bar shi wata biyu da suka wuce. Waya kuwa kar ma a yi magana, ta tebur ce mai igiya, in injin gurza na aiki ba mai ji, saƙo ba ya dubawa, imel babu. Na kira sau ba adadi. Uwargida har ta fara min tsiya, in ta ga na ɗau makulli da sassafe ranar Asabar sai ta ce "Malam, yau ma gaisuwar surukan ce a Indiana? Ka gaishe min da amaryar." Yayana da ke gida kuwa da na ba shi labari a waya cewa ya yi "kai yanzu duk kanikancin naka sai ka kai wa Bature inji ya riƙe shekara? Turo shi Panteka sati biyu ka zo ka ɗauka." Na ce Yaya ba za ka gane ba ne, ya ce ai kuwa ba zan gane ba.

Sai kuɗi. Abin da ya faɗa da baki da farko da abin da na biya a ƙarshe akwai tazarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma rasit ɗin da hannu ya rubuta a takarda ɗaya, layi shida, "aikin bulok", "aikin kai", haka dai a dunƙule. Kati ba ya karɓa, ceki ko tsaba. Ban ce ya cuce ni ba, don da na zauna na bi farashin kayan ɗaya bayan ɗaya na ga bai ɗora riba mai yawa ba, aikin hannun ne da tsada kuma na ga inda awannin suka tafi da idona. Amma mutum ya kamata a kira shi a ce masa kaza ya ƙaru kafin a yi, ba sai ya zo ɗauka ba. Jimillar dai ta isa ta sayi ƙaramar mota mai kyau ta hannu, uwargida ba ta san lambar ba har yanzu kuma ina roƙon wanda ya san ta ya rufa min asiri.

Ranar daino ita ta wanke min zuciya. Daino na'ura ce da ake ɗaura inji a kai shi kaɗai ba mota, a ba shi wuta tana riƙe shi tana auna ƙarfinsa. Tunda kam ɗin mai tafet shafaffe ne ba mai taya ba, sai da ya fara tada shi da sifirin masu laushi da mai mai sinadarin zinki, ya riƙe shi sama da juyi 2,000 na wajen minti ashirin ba a bar shi ya yi silo ba, don in ka bar sabon kam irin wannan yana silo a farkon tashi mai ba ya fantsama masa sosai sai ya cinye nan take. Ya kashe, ya yanka filtar mai ya buɗe takardar ciki a ƙarƙashin fitila yana neman ƙyallin ƙarfe, ya canza sifirin zuwa na gaske, sannan aka fara ja. Muna bayan gilashi, ya tura totur a hankali har ƙarshe, ƙarar ta shigo min ta tafin ƙafa kafin kunne, kofin kofi na tafiya da kansa a kan tebur. Ja na farko bai ce komai ba. Ya fita ya canza jet a kafireta, ya taɓa tayimin, ya dawo, ya sake, ya cire fulogi ya duba da gilashin ƙara girma kamar mai duba zinare. Wajen ja goma sha wani abu muka yi, a ƙarshe allon ya nuna ya haye doki 500 da 'yan kai, da manifol ɗin ƙarfen nan nasa na asali mai nauyin buhun siminti kusan, da kafiretar da ta girme ni. Sai a lokacin na ga haƙorinsa.

Ɗaura shi a mota ni na yi da kaina, kuma duk wanda ya ce yana son FE a cikin Mustang ya fara canza fulogi tukuna, tudun shokozoba na dab da kan injin, hannunka sai ya koma kamar na wanda ya yi faɗa da mage. Bututun salansa kuwa sai da na ɗaga injin gefe ɗaya kafin suka shiga.

Fitar farko a National Trail Raceway na yi, nan gabas da Columbus, ranar gwaji. Otomatik a Stock ba a yarda da na'urar riƙe giya ba, ƙafar hagu a birki ta dama a totur, fitilun rawaya uku na saukowa rabin sakan tsakaninsu, kana ganin ta ƙarshe ka saki birki, in ka jira kore ka makara, in ka yi gaggawa jar fitila ta kama ka. Na saki, gaban motar ya tashi sama na daina ganin titi sai sararin samaniya, na ce innalillahi a cikin hular kwano, ta sauko ta miƙe. Takardar lokaci ta nuna sakan 10.94. Ma'aunin ajinmu, wato lokacin da NHRA ta kafa wa C/SA, 11.40 ne, kenan fitar farko da direban da bai iya ba ta shiga ƙasa da shi da kusan rabin sakan. Gudu na uku da yamma ta yi sanyi 10.86, don injin nan yana jin iska kamar mai asma, in akwai zafi da laima sai ya yi nauyi.

Dawowata daga gudu na huɗu ne wani ma'aikacin fili ya tsayar da ni ya nuna min ƙasa, ɗigon baƙin mai a bayan injin, kaɗan ne amma a filin tsere ɗigo ɗaya ma magana ce, don mai a kan titi ran wani ne. Aka ce in ɗora a tirela. Na leƙa ƙasa da tocila na ga daga sil ɗin bayan karanshaf yake, FE yana da wasu siraran sil guda biyu a gefen murfin metal na ƙarshe da aka san su da yoyo in ba a zauna da su daidai ba. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba, wata 11 da wannan kuɗi sannan yoyo? Na kira, abin mamaki aka ɗauka a bugu na biyu. Bai yi musu ba bai ce laifina ba ne, ya ce a daino bai nuna ba amma aikinsa ne, in kawo. Sai da na sake cire injin da hannuna, na sake tuƙa awa uku zuwa awa uku dawowa, man mota da ranar aiki duk a kaina, shi kuma ya gyara a kwana huɗu bai karɓi ko kwabo ba, ya ƙara min da galan ɗin mai. Kenan in ya ga dama yana iya sauri. Tun daga nan ko danshi babu.

Wani zai ce to duk wannan wahala ta mene ne tunda a zagayen fitar da gwani ba wanda ya fi gudu ne ke ci ba. Haka ne, kowa zai rubuta lokacin da yake ganin zai yi a gilashin motarsa da farin alli, a ba mai jinkiri tazara ya fara tashi, in ka yi sauri fiye da abin da ka rubuta ka faɗi. Don haka abin da kake nema a wajen mai haɗa inji ba ƙarfi kaɗai ba ne, inji ne da zai maimaita abu ɗaya kamar agogo, kuma a nan ne na fi gamsuwa, a rana ɗaya in iska ba ta canza ba tazarar gudu da gudu ba ta wuce ɗigo biyu uku cikin ɗari na sakan. Ƙarfin yana amfani ne ranar da ka haɗu da ɗan ajinku, C/SA da C/SA, a nan babu tazara babu rubutu, wanda ya riga isa shi ya ci. Sau ɗaya hakan ta same ni kuma an min dukan kawo wuƙa, mutumin ya fi ni sauri da kusan kashi huɗu cikin goma na sakan, daga baya na ji shekararsa ashirin yana tsintar dokin nan ɗaya-ɗaya. Da na gaya wa dattijon ya ce injin yana da sauran abin bayarwa, amma in fara gyara konbata ta giyar otomatik da shokozoba da ƙafata tukuna, kuma in na yi sauri da yawa ma NHRA za su ƙara wa injin doki a takarda duk masu Cobra Jet su tsine min.

In da tauraro ake bayarwa, aikin ƙarfe biyar cif, gaskiya da amana biyar, cika alƙawarin lokaci ɗaya da rabi don kar in ce sifili, waya kuwa babu abin da zan ba ta. Wanda yake son injin yawo a titi ko na zuwa taron nuna motoci kar ya ɓata lokacinsa da kuɗinsa a irin wannan wuri, kowane garejin inji mai kyau zai masa a rabin farashi, kuma injin Stock ba ya son silo a danja ko kaɗan. Wanda kuma yake son shiga rukunin nan da gaske, kar ya sayi ko bol ɗaya a intanet kafin ya nuna wa mai haɗa masa, ya sauke takardar awon injinsa daga shafin NHRA ya karanta da kansa, ya sa a rubuta masa farashi a takarda, sannan duk watannin da aka faɗa masa ya ninka biyu ya ƙara uku.

Sifirin bawul ɗin sun kusa cika adadin gudun da ya ce in kawo a duba, ringi ma yana son ya gani. Na riga na kira tun yanzu don in kama layin hunturu, sau bakwai kafin ɗan ya ɗauka, ya ce in kawo sati na biyu na Nuwamba, wai zuwa Fabrairu an gama. Na ce to Allah ya kai mu, na kashe waya na je na duba ko fili na buɗe har Agusta.